Zobon Shekarar Ambaliya, da Masu Cewa Zobo Zobo Ne

Alhaji, sassauta fuska, ban ce ka kurɓi komai ba. Cewa na yi zan ba da labarin yadda Faransawa ke gane kyan sabuwar giyar inabi a shekarar da sanyi ya ƙone musu gonaki, kai kuwa tun ban rufe baki ba ka fara a'uziyya kana laluben takalma. Zauna. Da ni da kai duk ba ma sha, kuma ba yau za mu fara ba. Abin da nake so a wurinsu shi ne ido da hanci da haƙurin dubawa, in ɗauko in kawo Kasuwar Gero ta N'Djamena, mu tsaya da su gaban buhun zobo, wanda mutanen nan ke kira karkanji.

Akwai kuma rukuni na biyu, su ba haramci ya dame su ba, dariya ce ta kama su. Su ne 'yan "zobo ai zobo ne". A wurinsu in ruwa ya yi ja, ya yi sanyi, sukari ya ji, zance ya ƙare. Shugabansu Bazazzage ne, ba sai an yi zaɓe ba, don shi ko jan kala aka kaɗa masa a ruwan randa cewa zai yi Allah ya saka da alheri, a ƙaro. Ni Bakano ne, ba na sayen abu ban juya shi ba, saboda haka yau sai ya yi haƙuri ya sha karatu.

A ƙarshen Maris na 2021 an yi wani ɗumi a Faransa wanda ba lokacinsa ba ne. Itatuwan inabi suka ɗauka hunturu ya tafi, suka farka, suka fitar da toho. Sai ga sanyi ya dawo a makon farko na Afrilu, ya fi tsanani a dararen 6 zuwa 8, ma'auni ya faɗi ƙasa da sifiri da digiri biyar, shida, wasu wuraren har fiye. Ɗanyen toho cike yake da ruwa. Ruwan ya daskare a cikinsa ya farfasa shi, rana na fitowa ya yi baƙi ya langaɓe. Manoman Shabli da sauran yankin Burgundi suka kwana a gona suna kunna dubban gwangwanayen kyandir tsakanin layukan inabi. Wasu suka ƙona ciyawa. Masu hali suka ɗauko hayar jirgi mai saukar ungulu ya riƙa shawagi ƙasa-ƙasa yana turo iskar sama mai ɗan ɗumi. Wasu kuwa, ku ji dabara, ruwa suka riƙa fesa wa tohon don ya daskare a bayansa, ƙanƙarar ta kare shi daga sanyin da ya fi ta. Firayim Minista Jean Castex ya yi alkawarin tallafin Yuro biliyan 1. Da aka gama girbi, abin da ƙasar ta samu ya gaza na 2020 da kusan kashi ɗaya cikin biyar, a Burgundi kuwa asarar ta zarce haka nesa.

Duk duniya ta ga hotunan kyandir ɗin, duk duniya ta ce kayan 2021 ya lalace. Amma masu sana'ar ba su yanke hukunci da hoto ba. A Bordo, duk watan Afrilu, dillalai da masu rubutu sukan taru su bi rumbunan ajiya ɗaya bayan ɗaya, a ɗebo musu sabon kaya daga ganga, wanda bai wuce wata shida da matsewa ba. Su karkata kofi su duba launi, su shinshina, su kurɓa su juya a baki, sannan su tofar a bokiti. Ka ji, Alhaji, su ma tofarwa suke yi. Bambancinku kawai shi ne kai tun daga nesa kake tofar da naka, kuma ba wanda ke biyanka.

Abin da suka sani, wanda mai kallon hoto bai sani ba, shi ne sanyi yawa yake ci, kyau kuwa sai abin da ya biyo baya. Itacen inabi yana da tohon ajiya a gindin na farko. In na farko ya mutu, na biyu ya fito, sai dai 'ya'yansa kaɗan ne kuma a makare suke. Sai ka iske itace ɗaya ɗauke da nunannu da ɗanyu. Manomin da ya kwashe duka rana guda don ya cika ganga, kayansa zai fito da tsami mai kaifi da warin ɗanyen ganye. Wanda ya daure ya tsince, ya zubar da rabi, zai samu kaɗan mai kyau. Sanyi kuma ba ya raba wahala daidai: iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarawa take yi ta kwanta a kwari, sai gonar tudu ta tsira, ta maƙwabci da ke ƙasa da ita ta ƙone ƙurmus. Sauran kuma ya rage ga rana da ruwa. A 1945 sanyi ya bugi Bordo a farkon Mayu, zafi da fari suka biyo baya, kayan ya zo kaɗan, har yau suna lissafa shi cikin mafi kyau na ƙarnin da ya wuce. A 1991 sanyi ya buga a Afrilu, ruwa ya zuba lokacin girbi, ba mai alfahari da wannan shekarar. Bala'i iri ɗaya, sakamako biyu.

Na ji Bazazzage yana cewa, to ina ruwan Chadi da raɓa mai daskarewa? Ya yi gaskiya, a rubuta ranar. A N'Djamena sanyin Janairu da ke sa mu naɗa rawani har ido, mu kewaye mai shayi muna kaɗa haƙora, bai cika sauka ƙasa da digiri 14 ba. Afrilun da Bafaranshe ke kunna kyandir a gona, mu a nan ma'auni yana haura 40. In ƙanƙara kake so ka gani a ƙasa a Chadi, sai ka hau duwatsun Tibesti, wajen Emi Kusi mai tsayin mita 3,415, kuma ba zan raka ka ba. Mu abin da ke yi wa gonakinmu abin da sanyi ke yi wa nasu ruwa ne.

Nan kuma sai a ajiye wasa. A ranar 19 ga Oktoba 2022 Shugaba Mahamat Idriss Déby ya kafa dokar ta-ɓaci saboda ambaliya, bayan ruwa ya shiga jihohi 18 cikin 23, ya shafe sama da hekta 465,000 na gonaki. Unguwannin Walia da Tukra, tsakanin kogunan Shari da Logon, sai da kwale-kwale ake shiga. A 2024 abin ya fi muni: babu jihar da ta tsira, mutum 576 suka rasu, kusan miliyan 2 abin ya shafa, gonaki sama da hekta 400,000 suka tafi. Duk shekarun biyu Shari ya haura mita 8 a N'Djamena. Cikin Satumban 2024 ɗin ne madatsar Alau ta ɓalle ta ci Maiduguri. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara.

Zobon da aka sha a azumin 2023 da na 2025, ashe, zobon shekarar ambaliya ne. Kun sha, kun yi hamdala, ko ɗayanku bai tambaya ba.

Yakuwa, wato shukar zobon, tana son ruwa, amma mai wucewa. In ya kwanta a gindinta 'yan kwanaki, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, shi ke nan. Saboda haka wadda aka shuka a gefen fadama ko a laka, a shekarar ambaliya ba ta kai labari. Wadda take kan jigawa kuwa, a bakin gonar gero inda yashi ke shanye ruwa nan take, wannan shekarar ce ma za ta samu abin da ta daɗe tana nema, ta yi rassa, ta yi kai masu nama. A Faransa tudu ya tsira daga sanyi, a nan tudu ya tsira daga ruwa.

Tohon ajiya ma muna da irinsa. Yakuwa ba ta lissafin kwanakin da ta yi a ƙasa, tsawon dare take dubawa. Ba ta fure sai dare ya fara tsawo, wajen Satumba zuwa Oktoba. Wadda aka shuka tun farkon damina kafin lokacin ta kai ƙirjin mutum, kowane reshe da nasa fure. Manomin da ruwa ya ci shukarsa, ya sake shukawa a ƙarshen Agusta, tasa za ta yi fure lokaci ɗaya da waccan, alhali ko gwiwa ba ta kai ba. Kaɗan za ta bayar, ƙanana, marasa nama. Abin da muke jiƙawa kuwa shi ne kwanson nan ja da ke rungume da 'ya'yan, wanda ke kumbura mako biyu zuwa uku bayan furen ya faɗi. In an ɓalle shi da wuri don a riski kasuwa, launi bai gama zama ba. In an bar shi ya wuce lokaci, ya yi tauri ya zama zare.

Amma mafi yawan ɓarnar bayan cira ake yin ta. Sai an shanya kimanin kilo goma na ɗanye kafin a samu kilo ɗaya busasshe, wato ruwa mai yawa ne zai fita, kuma dole ya fita da sauri. A shekarar da damina ta yi jinkirin tafiya, ƙasa na jiƙe, raɓa na sauka da nauyi, tabarmar shanya ma wataƙila ruwa ya tafi da ita, sai zobo ya kwana biyu yana laushi. Nan funfuna ke shiga. Wani ya kai shi kusa da murhu, hayaƙi ya kama shi. Wani ya baza a ƙasa, iskar hunturu ta cika shi da rairayi. Duk waɗannan za su haɗu a mota ɗaya, su sauka a kasuwa ɗaya, tare da na jigawar nan mai kyau, da kuma ragowar na bara da dillali ya fito da shi daga ɗaki don ya ji ana cewa kaya zai yi wuya. Shekarar bala'i gauraye take kawowa. A shekarar lafiya kana iya sayen buhu ido rufe ka dace. A ta ambaliya buhu biyu na jingine da juna, ɗaya ya fi duk abin da ka taɓa sha, ɗayan ko akuya sai ta yi tunani.

Ku saurari ciniki ku ji yadda ake wasa da sunan shekara. Mai kaya ya ce, "Wallahi bana ruwa ya cinye, babu kaya," ya ɗaga kuɗin koro, wato mudun mutanen nan. Mai saye ya ce, "Na bana ai duk ruɓaɓɓe ne," ya nemi ragi. Dukansu biyu ba wanda ya sa hannu cikin buhun. Sayen zobo da sunan shekara kamar neman aure ne da sunan unguwa: an ce 'yan matan wurin suna da tarbiyya, ka kai sadaki ba ka tambayi gidan ba. Ga kuma wanda zai rantse maka cewa nasa na Sudan ne, don ya ji zobon Rahad na Kordofan ya yi suna a duniya. Faransa ta kafa dokar kare sunan wurin da aka noma kaya tun 1935, wanda ya yi ƙaryar gona sai kotu. Mu dokarmu rantsuwar mai kaya ce, ita kuwa arha gare ta. (Bazazzage, in ka zo, ka kula: a nan da riyal ake faɗin kuɗi, riyal ɗaya sefa biyar ne. In an ce maka ashirin, ɗari ake nufi. Kada ka yi murna ka kira gida.)

To yaya ake dubawa? Hannu ne farko. Kada ka yarda da na saman buhu, wannan tallar ce. Tura hannu har gwiwar hannu, ka damƙo daga ciki, ka matse. Busasshe yana ƙara, yana karyewa, ka buɗe tafi ya watse. In ya lanƙwashe shiru ya dunƙule, akwai sauran ruwa a jikinsa, kuɗin zobo za ka biya a ba ka ruwa, kuma kafin azumi ya yi gashi. Duba abin da ya rage a tafinka: in rairayi ne da ƙura da karare da ƙwanson gurguzu, to da su ake cika maka koro. Sannan ka kai hanci. Mai kyau yana da wani ƙamshi mai tsami-tsami da ke sa yawu ya tsinke. Warin rima, warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, funfuna ce ko da ido bai gan ta ba. Ƙauri hayaƙi ne. In kuwa ka ji fetur, buhun ya yi tafiya kusa da jarka, kuma duk wanda ya san irin kayan da ke ratsa gadar Ngeli tsakanin Kusuri da N'Djamena ba zai yi mamaki ba. Wannan warin ba ya fita, ko ka zuba kanumfarin Zanzibar duka.

A wajen launi ne mutane suka fi ruɗewa. Kowa baƙi yake nema, wai shi ne mai ƙarfi. Iri ne ya bambanta. Akwai mai duhu, mai ba da launi da yawa da tsami kaɗan, akwai ja mai haske wanda tsaminsa ke kama muƙamuƙi. Mutanen Senegal har suna suka ba su, mai duhun Vimto, mai tsamin Koor, kuma haɗa su suke yi, wannan ya ba da ido, wancan ya ba da baki. Abin lura shi ne duhun iri daban, duhun lalacewa daban. Ɗaga guda ɗaya ka kalli rana ta cikinsa. Mai lafiya, komai duhunsa, za ka ga ja yana ratsowa, da ɗan sheƙi a bayansa. Wanda laima ta ci baƙi ne kawai, dusu-dusu. Na bara kuwa ya koma ruwan ƙasa, kuma in ka ga launi biyu a damƙa ɗaya, an yi maka haɗi.

Hukunci na ƙarshe sai a kofi, kuma a nan ne za mu yi rigima, don sharaɗin shi ne babu sukari. Na ga fuskokinku. Babu sukari, babu citta, babu kanumfari, babu ɓawon abarba. Damƙa ɗaya, a ɗauraye da sauri, a zuba a kofin gilashi da ruwan sanyi, a rufe ya kwana. In kaya biyu kake gwadawa, ruwan ya zama daidai, zobon ya zama daidai. Da safe ka karkata kofin a gaban farin abu. Farar rigar Alhaji ta isa, tunda ya ƙi tafiya. Dubi bakin ruwan inda ya yi siriri a jikin gilashi: sabo mai lafiya ja ne mai ɗan shuɗi, tsoho ko wanda ya sha wahala yana karkata zuwa ruwan goro. Masu duba giyar inabi daidai wannan gefen suke kallo, kuma ba kwaikwayo na yi don ado ba. Sinadarin da ke ba da ja a fatar baƙin inabi da wanda ke cikin zobo dangi ɗaya ne, ana kiransu antosayanin, kuma iska da haske da zafi hanya ɗaya suke tsofar da su. Ruwan ya zama garau. In ya yi gurɓi ko yauƙi, a zubar. Leƙa gindin kofin kuma ka ga yawan ƙasar Chadi da ka saya.

Sai ka kurɓa, kada ka haɗiye nan da nan. Tsami ne zai fara gaishe ka. Bayansa bauri ya zo, ya ɗan kama dasashi. Sannan wani ɗanɗano na 'ya'yan itace ya tsaya a maƙogwaro bayan ka haɗiye, kuma daɗewarsa ita ce ma'aunin. Na shukar makara yakan zo da tsami tsirara, ya buge ka ya wuce, ba abin da ya bari a baya. Wanda ruwa ya daka a wurin shanya lami ne, launi kaɗan, baki salam. Mai kyau kuwa ko ba sukari za ka iya shanye kofin, kana yamutsa fuska amma kana komawa. Kada ka zubar da tukin. Sake zuba masa ruwa. In jiƙo na biyu ya sake yin ja sosai, ka samu kaya. In ya fito kamar an wanke hannu, ka san inda ƙarfinsa ya tsaya.

Hajiya mai zobon sayarwa tana can tana taɓe baki, tana cewa, "Malam, duk wannan dogon turanci ne. Mu da muke sana'ar ba mu kwana muna kallon kofi." Ranki ya daɗe, ai ke ce malamar. Duk abin da na zayyana kina yin sa kafin mai kaya ya gama amsa gaisuwa: hannu ya shiga, hanci ya ji, kin tauna guda ɗaya kin tofar, kin ce a auna ko kin yi gaba. Da a Bordo aka haife ki da yanzu jaridu na jiran makin da za ki bayar kafin a sa farashi. Ƙarar da nake kai ki ita ce abin da kike yi bayan kin isa gida. Kin zaɓo mai kyau da wannan basira, sai ki kawo filebo na leda, ki kawo kala, ki juye sukarin Banda kamar kamfanin na mijinki ne, har wanda ya sha ba zai iya rantsuwa cewa akwai zobo a ciki ba. Za ki ce yara haka suke so, kuma su ke kawo kuɗin. Ban musa ba. Amma ke kika koya musu, Bazazzage ma a hannun irinku ya taso.

Kada ki ce Turawa ba sa yi. Suna yi. A shekarar da inabi bai nuna sosai ba sukan ƙara sukari kafin ya tsimu, dabarar da ke ɗauke da sunan Jean-Antoine Chaptal, ministan cikin gida na Napoleon, wanda ya yaɗa ta a farkon shekarun 1800. Sai dai doka ta ƙayyade iyakar abin da za a zuba, da yankin da aka yarda a yi. Ke kuwa ma'auninki shi ne har cokali ya tsaya da kansa. Sai kuma kanwa, wadda Chadi ba ta rasa ba, tunda daga Kanem da bakin Tafkin Chadi ake haƙo ta ana kai wa har Kano. Ɗan ƙanƙanin gutsure yana kashe tsami, ya rage kuɗin sukari, ya kuma duhunta launi, har mara ƙarfi ya yi kama da mai ƙarfi. Gane ta ba wuya: ruwan yana karkata zuwa shuɗi mai duhu, bakin ya yi santsi. Matsa lemon tsami a ciki, in ka ga ya washe ya koma ja wur, ka kama ta. Masu shan zobo don hawan jini ma su ji. Gaskiya ne an yi bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010: mutum 65, kofi uku kullum har mako shida, awon jini na sama ya sauka da kimanin maki 7 a wurin masu shan zobon. Amma a kan zobo aka yi binciken, ba a kan sukarin Hajiya ba, kuma ba wanda ya ce ka ajiye maganin asibiti.

Alhaji, yanzu na zo kanka. Robar zobon nan da aka haɗa ranar Juma'a, aka sa a firji, wuta ta ɗauke tun daren Asabar, yau Litinin, a zafin N'Djamena. Ka lura ta kumbura? Ka ji ta yi tsaki da aka murɗa murfin, kumfa ta taso? Ruwa da sukari da zafi da kwana uku, ai ba wani abu Bafaranshe ke haɗawa ba, shi dai da gangan yake yi, ya kuma rubuta shekara a jikin kwalba. Malamai sun daɗe da yin bayani a kan jiƙon dabino da zabibi, da lokacin da ya kamata a sha, da lokacin da za a zubar. Ka tambayi naka malamin. Ni dai da ka tsaya ka koyi shinshinawa, da ba a kai ga fatawa ba.

Saura tambayar da masu gangar Bordo suka fi damuwa da ita, wato ko sabon kaya zai jure ajiya. Su shekaru suke hange, mu watanni. Sabon zobo yana shigowa daga Nuwamba zuwa Disamba, a lokacin yake da arha, buƙatarsa kuwa sai zafi ya kama, balle in azumi ya faɗo a ciki, kamar na 2025 da ya fara 1 ga Maris. Zobo ba ya gyaruwa da tsufa, raguwa kawai yake yi, saboda haka abin nema shi ne wanda zai ragu a hankali. Wanda ya bushe ƙayau, aka ɗaure shi a buhu mai tsabta, aka ɗora kan katako a ɗaki mai duhu, zai kai damina da launinsa. Mai ɗan laushin nan da ka ce ba komai, shi zai lalata na kusa da shi. Ƙwari ma suna nan. Masu kai kaya waje daga Maigatari ta Jigawa, babbar kasuwar zobo, sun ɗanɗana: a 2018 hanyar Meziko, wadda ke cikin manyan masu sayen zobon Najeriya, ta rufe saboda wani ƙwaron rumbu da aka gani a kaya, aka shafe shekaru kafin ta sake buɗewa. Mutanen da ke wancan gefen teku suna buɗe buhu su duba da madubi, mu da muke da gonar muna cewa zobo zobo ne.

In za ka sayi na ajiya a shekarar da ruwa ya yi ɓarna, kada ka ɗauki buhu ranar farko. Sayi koro ɗaya a wurin mutum biyu ko uku, ka riƙe fuskokinsu, ka je gida ka jiƙa, gobe ka dawo wurin wanda ya ci jarrabawa, ka kuma tabbata buhun jiya ne ya buɗe maka. Zai ce kafin gobe ya ƙare. Ce masa Allah ya kawo kasuwa, in ya ƙare akwai kasuwar Dembe, akwai ta Digel. Wanda ya faɗi jarrabawar kuma kada a zubar, in dai ba funfuna ko fetur ba ne. A tafasa shi da citta mai yawa, a zuba sukari, a sanyaya, a aika wa Bazazzage Zariya.